Amfilifayar Jita ta Hannu: Aibin da Hoto Ba Ya Nunawa

Duk mai leƙa Facebook da Jiji da zaurukan WhatsApp na 'yan kayan sauti ya saba da irin wannan talla: hoton baƙin akwati mai raga a gaba, sunan Fender ko Marshall ko Peavey yana ƙyalli, a ƙasa an rubuta "ɗan Landan, kamar sabo, ba a taɓa kwancewa ba". Kuɗin da aka sa kuma bai kai rabin na shago ba. Masu buƙata suna da yawa. Akwai matasan da ke kaɗa jita a majami'un Jos da Kaduna da Yola, akwai masu situdiyo a Kano, akwai 'yan kiɗan biki na Agadas da Tawa da Yamai, inda jitar lantarki ta samu gindin zama tun kafin duniya ta san sunan Bombino da Mdou Moctar. Sabuwar amfilifaya da kuɗin waje ake shigo da ita, kowa kuma ya san yadda aljihu yake. Don haka ba abin kunya ba ne mutum ya nemi ta hannu. Ni ba na cikin masu cewa a guji gwanjo, domin tsohuwa mai lafiya takan binne sababbi biyu na jabu. Inda gizo ke saƙar shi ne sayenta daga nesa, ba ka gani ba, ba ka ji ba, ba ka taɓa ba.

Riga ko takalmi, hoto yakan isa ka gane launi da ɗinki. Amfilifaya kuwa aibinta yana cikin gurnanin da take yi idan an ƙara murya, da ƙaurin da ke tashi bayan ta ɗauki zafi, da 'yar girgizar da mutum ke ji a yatsa idan ya taɓa ƙarfenta. Bidiyon daƙiƙa ashirin da mai kaya zai turo bai isa shaida ba. Makirfon waya yana matse sauti, WhatsApp ya ƙara matse shi, ga shi kuma yawancin cututtukan waɗannan na'urori sai an ɗan jima ana aiki suke bayyana. Dalmar da ta tsage a jikin allon ciki tana riƙe da kanta muddin da sanyi, da zarar zafi ya buɗa ta sai sauti ya fara yankewa yana dawowa. Mai sayarwa ya san da haka, shi ya sa bidiyonsa gajere ne. Hausawa dai sun daɗe da hana cinikin biri a sama.

Ya kamata mai saye ya san ta ina kayan ke biyowa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya a shekara, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne tun daga can. Mafi yawansu daga tashoshin Turai suke tasowa, da yawa an cusa su ne cikin tsofaffin motoci. Ɗan kasuwar da ya taka zuwa kasuwar Alaba ta Legas da ƙafarsa ya san akwai kayan da aka gwada, akwai kuma waɗanda ake sayarwa a kan sa'arka, ba gwaji ba dawowa, kuma farashinsu daban ne. A intanet duk an haɗe su, an ba su suna ɗaya: kamar sabo.

Damfara tsagwaronta ba sai an daɗe a kanta ba, domin salonta bai canza ba. Ka yi magana, a amsa maka da fara'a: "Oga, wallahi akwai wanda zai zo da yamma ya ɗauka. In kana so da gaske, turo rabi kafin alƙalami, sai kuɗin mota, gobe da safe na kai tasha." Ka nemi a kira ka ta bidiyo, sai a ce shago babu sabis. A turo lambar asusu, ka ga sunan da ya fito daban da na mai tallan, a ce ai na ƙanina ne. Kana turawa, wani ya kira ka a matsayin direba, wai an tare su a hanya sai an ƙara wani abu. Bayan nan lambar ta mutu. Hoton ma da aka yaudare ka da shi, idan ka saka shi a Google Lens, sau da yawa za ka tarar daga wani shagon Amurka aka kwafo shi. Jiji da kansa yana gargaɗin masu amfani da shi kada su biya kuɗi kafin su ga kaya, har da kuɗin kawowa. Wanda ya riga ya faɗa, ya gaggauta sanar da bankinsa a ranar, ya adana hirar da shaidar tura kuɗin, ya kai ƙorafi wurin 'yan sanda ko EFCC. Amma a gaskiya kuɗin da ya fita ta wannan hanya ba kasafai yake dawowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cinikin da kaya ya iso lafiya, aka buɗe kwali aka yi murna, sannan masifar ta fara.

Juya amfilifayar ka dubi bayanta. Kusa da inda wayar wuta ke shiga akwai ɗan rubutu, wani lokaci a kan farar takarda da aka manna, wani lokaci a jikin ƙarfen. Wannan rubutun ya fi sunan kamfanin da ke gaba muhimmanci. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, duka a kan 50Hz. Ta Amurka da Kanada 120 ce a kan 60Hz, ta Japan kuwa 100. Idan ka ga an rubuta 120V kawai, to wannan na'ura ba don wutarmu aka ƙera ta ba. Abin takaicin shi ne yawancin amfilifayoyin zamani irin ramin wayar kwamfuta gare su, mai haƙora uku. Wayar kwamfutar da ke ɗakinka za ta shige shi daram, babu abin da zai hana ka. Kana danna makunni ka ba ta kusan ninki biyu na wutar da take iya ɗauka. In an yi sa'a fis ne zai tsinke. In ba a yi ba, taransifomar ciki ta ƙone, ita kuwa tana cikin mafi tsada a cikin akwatin. Ɗan adaftan nan da ake sayarwa a bakin titi siffar filogi kawai yake canzawa, ba ya rage wuta ko kaɗan. Mutane da yawa ba su san wannan ba, kuma mai tallan ba zai faɗa ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Ana iya amfani da 'yar Amurka idan an haɗa ta da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya zarce abin da amfilifayar ke ja. Sai dai wannan ƙarin kuɗi ne, ƙarin nauyi ne a kowace fita, kuma rana ɗaya wani yaron da ke taya ka jona kaya zai manta ya soka kai tsaye. Ko da an rage wutar, taransifomar da aka naɗa don 60Hz takan fi ɗaukar zafi a kan 50Hz, mu kuma nan zafi ba baƙonmu ba ne. Wasu na'urorin suna da ɗan maɓallin zaɓen wuta a baya, wasu na zamani an rubuta musu 100-240V, waɗannan ba su da matsala. Mai maɓalli dai a tabbata an juya shi inda ya dace, an kuma sa fis ɗin da ya dace da wutar. Kafin a yi maganar farashi, ka ce a ɗauko maka hoton wannan rubutu kusa-kusa. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan hoto ɗaya ya riga ya ba ka amsa.

Tun da an ambaci fis, a zare shi a duba. Ba sabon abu ba ne a tarar an naɗe shi da takardar azurfar kwalin taba, ko an ɗaura silin waya a madadinsa. Fis ba kasafai yake tsinkewa haka kawai ba. Wanda ya yi masa wannan dabara ya rufe bakin mai gargaɗi ne, cutar tana nan, ranar da za ta tashi kuma babu abin da zai tsaya tsakaninta da gobara.

Yanzu ga maganar da ta shafi rai. A yawancin jitocin lantarki, tsirkiyoyin ƙarfen da kake dannawa a haɗe suke da wata siririyar waya a cikin jitar, ita kuma tana bin kebul har zuwa ƙarfen jikin amfilifaya. An yi haka da gangan don a rage gurnani. Ma'anarsa ita ce duk lokacin da ka riƙe jita, kamar ka dafa ƙarfen amfilifayar ne da hannunka. Muddin wannan ƙarfe yana haɗe da ƙasa ta haƙori na uku na filogi, idan wata waya ta ciki ta kuɓuce ta taɓa shi, wutar za ta bi ta can, fis ya tsinke, kai kuma ka tsira. Idan an karya haƙorin nan don filogi ya shiga soket, ko wani mai gyara ya yanke wayar ƙasa don ya kashe gurnani, wutar za ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran hanya. Hanyar kuwa kai ne. Hannu ɗaya a kan tsirkiya, leɓe ko ɗaya hannun ya taɓa makirfon da ke jone da wata na'urar daban, sai wuta ta ratsa ta ƙirji.

Wannan ya faru da mutanen da duniya ta sani. A watan Mayun 1972, Les Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya bayan ya taɓa makirfon da wuta ta hau kansa, yana da shekara 27. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa, wuta ta ja shi yana kaɗa jitar da ba a haɗa kayanta da ƙasa yadda ya kamata ba. Wannan a Birtaniya ke nan. To ina ga mu, da gidaje da yawa soket ɗinsu ramuka uku ne a ido amma na ukun babu abin da ke bayansa, ana jona kaya da janareta ta doguwar wayar da aka yi wa ɗauri uku, ana kiɗa a tsakar gida a kan sumintin da aka yayyafa wa ruwa, wani ma ko takalmi babu?

Akwai wani tarko na musamman a tsofaffin amfilifayoyin Amurka na shekarun 1950 da 1960, irin waɗanda masu talla ke yi wa kirari da "na asali". Da filogi mai haƙora biyu aka yi su, kuma a cikinsu akwai wata 'yar kafasita da ke tsakanin wayar wuta da ƙarfen jiki. Idan ta tsufa ta lalace, takan miƙa wutar gaba ɗaya ga ƙarfen, har masu gyara a can suna kiranta kafasitar ajali. Gyaranta sananne ne: a cire ta, a sa waya mai haƙora uku. Amma sai wanda ya san da ita zai nema. A nan a yi adalci, ba kowane filogi mai haƙora biyu ne haɗari ba. Wasu ƙananan na'urori na zamani haka aka ƙera su, da rufi biyu na kariya, za ka ga alamar ɗan murabba'i cikin murabba'i a bayansu. Wanda ake tsoro shi ne wanda aka haifa da haƙora uku aka mayar da shi mai biyu. Kuma duk amfilifayar da ka taɓa ka ji tana ɗan cizo, kada kowa ya ce maka ai haka suke. A kashe ta, a zare, a kai wa mai gyara.

Kada kuma son ganin ƙwaƙwaf ya sa ka kwance bayanta da kanka, musamman irin mai kwalaben gilashi a ciki, wadda masu gyaran rediyo ke kira mai bawul. Cikinta wuta takan haura bolt 400, kuma manyan kafasitocinta suna iya riƙe wannan wuta bayan an kashe an zare daga bango. Mai bawul ita ce makaɗa suka fi kwaɗayi saboda daɗin muryarta, ita ce kuma ta fi wahalar riƙo a wurinmu. Kwalaben suna tsufa kamar ƙwan lantarki. Masana'antun da suka rage suna yin su kaɗan ne, akasari a Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 suka yi wuya, farashinsu ya tashi a ko'ina. Manyan ciki, irin su EL34 da 6L6, bibbiyu ake canza su, sannan galibi sai mai gyara ya daidaita musu wuta. Akwai kuma ƙa'idar da ba a karyawa: ba a kunna mai bawul ba tare da an jona mata lasifika ba, kuma lambar om ɗin lasifikar, 4 ko 8 ko 16, ta dace da ramin da aka soka ta. Ɗan kasuwar da ya kunna ta haka nan don ya nuna maka jar fitila tana kamawa, yana iya kashe taransifomarta a cikin bidiyon da yake tallata ta.

Lasifikar ma abin dubawa ce. Sau da yawa akwatin na asali ne, amma an cire lasifikar Celestion ko Eminence da ya zo da ita an sayar daban, an maye gurbinta da wata mai araha. Wata kuma an ƙone ta ne da jitar bes ko kibod, aka sake naɗa mata kwayil a kasuwa. In kana gabanta, a kashe, ka sa yatsu ka tura takardar lasifikar a hankali ta kowane gefe daidai. Mai lafiya za ta shiga ta fito shiru. Mai ciwo za ka ji tana karta. Amfilifayoyin zamani masu ƙwaƙwalwar kwamfuta a ciki, irin su Line 6 da Boss Katana, suna da sauƙin ɗauka da muryoyi iri-iri, amma idan allon ƙwaƙwalwar ya mutu, ba aikin dalma da ƙarfen liƙi ba ne, sai an samo wani allon, samunsa kuwa a nan sai an sha wuya. Batun wat kuma, kada manyan lambobi su ruɗe ka. Wat 50 na gaskiya, wanda ake rubuta wa RMS, ya isa ya cika ɗakin taro, alhali akwai akwatunan da aka liƙa wa 2000W PMPO da ba su kai shi ƙarfi ba.

Bari in ɗan ratse saboda kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya, don su ma suna faɗawa wannan ciniki. Amfilifayar jita ba ta magana ba ce. An gina ta ne don ta canza muryar jita ta yi mata ado, kuma ba a yi ta don jan lasifikokin ƙaho masu doguwar waya ba. Mai neman na kiran salla ko wa'azi ya nemi wadda aka yi don haka, irin su Ahuja da kowa ya sani, komai arahar da aka yi masa a kan waccan.

Sai hanya. Fender Twin Reverb ta kusa kilo 30, kuma nauyin nan taransifomomi ne da maganaɗisun lasifika da ke rataye a jikin katako da 'yan kusoshi. Ka tuna yadda ake loda kaya a tasha, da abin da ake ɗorawa a kai, da ramukan da ke tsakanin Legas da Kano. Wanda ya san aiki yakan zare kwalaben ya naɗe kowace daban, ya cika kwalin da soso ta yadda babu abin da zai motsa. Wanda bai sani ba ya ɗaure da igiya ya rubuta lambar wayarka a jiki. Idan ta iso a fashe, mai kaya zai ce lafiya ya ba da ita, direba ya ce shi bai buɗe ba, kai ne a tsakiya. Wanda ya yi oda daga waje ta shafin eBay ko Reverb yana da 'yar kariya a rubuce, amma kuɗin jirgi da na kwastan sukan cinye arahar, mayar da kaya kuma yakan fi kuɗin kayan.

Ana kuma fasa majami'u da situdiyo a kwashe kayan sauti, kuma intanet ce kasuwar da ta fi sauƙin zubar da su. Lambar da kamfani ya buga a baya idan ka ga an kankare ta ko an ɓare takardar, ka janye. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar Nijeriya, kuma ko ba ka sani ba, ranar da mai kaya ya gane abinsa a wurin biki, kai za a fara riƙewa, ga asarar kuɗi ga zaryar ofishin 'yan sanda. Ka tambayi mai sayarwa inda ya samo ta da dalilin sayarwa, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunansa da lambar na'urar.

In ciniki ya kai ga haɗuwa, a haɗu a shagon mai gyaran da kai ka zaɓa, da rana, ka zo da jitarka da kebul ɗinka. Ka fara da hanci: ƙaurin ƙonewa ba ya ɓoyuwa, haka ma warin fitsarin ɓera. Dubi kawunan kusoshi, in sun sha sukudireba an sha kwance ta, ko me aka rubuta a talla. Mai gyara ya sa mita tsakanin haƙorin ƙasa na filogi da ƙarfen jiki ya tabbatar a haɗe suke, ya leƙa ciki ko akwai kafasitar da ta kumbura ko ta zubo. Sannan a kunna, a murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ana sauraron ƙarar-ƙarar, a gwada kowane rami, a ɗan bubbuga saman akwatin da tafin hannu a ji ko sauti zai yanke. A bar ta tana aiki rabin awa, a ɗaga murya sosai. In mai bawul ce, a leƙa ta baya: ɗan haske ruwan lemo a tsakiyar kwalba daidai ne, amma farantin ƙarfen ciki ya yi jajir alamar matsala ce, a kashe nan take.

In kayan yana wani gari kuma babu halin zuwa, nemi ɗan'uwa ko abokin da ke can ya ɗauki mai gyara su je tare, ka biya mai gyaran ladansa, su kira ka ta bidiyo ana gwajin. Kuɗi ya fita bayan sun gama, zuwa asusun da sunansa ya dace da na mutumin da ke tsaye a gabansu, kuma su ne za su naɗe kayan su kai tasha. Idan ta iso gida, kafin ranar fita ta farko, a kira mai aikin wuta ya duba soket ɗin da za a riƙa jona ta ko wayar ƙasarsa tana aiki, a jona amfilifaya da na'urar makirfo a layin wuta ɗaya, sannan a sa mita tsakanin tsirkiyar jita da kan makirfon a ga abin da za ta nuna kafin kowa ya kai bakinsa.